Hoton zomo a bayan kwalbar mai, baƙin lalle da kwallin jarirai

Maman Ikram: Salamu alaikum matan zaure, ina wuninku ya zafi. Don Allah mai sani ta taimake ni, wata ce ke tallar man shafawa da sabuni a Facebook tana ta nanata cewa nata ba a gwada su kan dabbobi ba, har ta nuno hoton zomo a bayan kwalba, kuɗin kuma ya kusa ninka wanda nake saye a Wadata. Shin zomon nan yana nufin man ba shi da illa ne? in haka ne gara in ƙara kuɗin in huta don fatar ɗiyata ba ta ɗaukar komi, da an shafa mata sabon abu sai ƙuraje da susa

Hajiya Mai Butik: Wa alaikumus salam Maman Ikram. Hmm zomo. Ni da nake sarin kaya Lome da Dubai zomaye kala-kala na gani, wani zaune, wani kunnuwa kawai, wani an zagaye shi da ganye. Masu buga etiket abin da mai kaya ya ce shi suke bugawa, ko raƙumi kika ce a sa miki za a sa. Kar hoto ya ci miki kuɗi

Inna Tawa: To ni dai ku ganar da ni, mi yah haɗa zomo da man shahwawa? zomon na anka matse anka yi man ko mi 😂

Auta Lyon: Ina wuni Inna 😂 ba matse shi ake ba, amma abin da ake mishi ma bai fi daɗin ji ba. Tun 1944 wani masanin guba na hukumar abinci da magani ta Amurka, John Draize, ya fito da hanyar awon: a sa zomo cikin akwati kanshi kawai ke waje don kar ya sosa, a ɗiga mishi sinadarin a ido ɗaya a bar ɗayan don kwatanci, sai a riƙa dubawa ko ya yi ja ko ya kumbura ko ya yi gyambo, wani lokaci har sati 3. Na fata kuma a aske bayanshi a shafa. Zomo suka zaɓa don yana da arha, ba shi da faɗa, idonshi babba ne kuma ba ya hawaye da yawa balle ya wanke abin. In an gama yawanci kashe su ake. Ɓeraye da ɓeran masar su ma suna ciki, su ɗura musu ake ko a shafa musu a ga ko zai tada alerji. To hoton zomon cewa yake kamfanin bai yi wannan ba, iyakar maganarshi ke nan Anti, bai ce komi ba kan ko man zai karɓi fatar Ikram

Malama: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mace ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ba, wata kuma an gafarta mata saboda ta shayar da kare, wannan duk mun karanta a islamiyya. Ko yanka da aka halatta mana cewa aka yi a wasa wuƙa a hutar da dabba. In magani ne na ceton rai da babu wata hanya wannan larura ce, malamai sun yi magana a kai, amma a makantar da halittar Allah don jan baki da shamfu ni dai zuciyata ba ta ɗauka ba

Hajiya Mai Butik: Malama gaskiyarki amma wallahi ni abin dariya yake ban, Turawa suna kukan zomo mu nan mata fuska na ƙonewa ba mai kuka. A fara da mutane tukuna

Tanti Farmasi: Hajiya ai saboda mutanen aka fara shi. A 1933 an yi wani rinin gashin ido da gira a Amurka sunanshi Lash Lure, mata da dama suka makance ɗaya ta mutu, yana cikin abubuwan da suka sa aka yi dokar 1938 da ta sa kayan kwalliya ƙarƙashin hukuma, daga nan awon dabbobi ya samu gindin zama. Yanzu ku ji abin da zai ba ku mamaki, sinadarin da ke cikin wannan rinin shi ne PPD, kuma shi ne dai ke cikin baƙin lallen da muke zana wa amare yau a Yamai. Abin da ya makantar da mata shekara 90 da suka wuce mu muna biyan kuɗi a zana mana shi har gwiwar hannu

Mai Lalle Bukoki: Tanti an zo kaina ke nan 😩 to bari in faɗi tawa. Wallahi ba mu ne ke so ba, amarya ce za ta zo da hoto a waya ta ce irin wannan baƙi wuluk take so kuma cikin awa ɗaya don akwai zuwa salon akwai mai hoto na jira, in ka ce mata jan lalle sai ya kwana sai ta tashi ta tahi gaba. Kuma ni da idona na ga masu buɗe ɗan sashen rinin gashi su zuba a kwano su dama su ɗura a leda, ba lalle ko ƙwaya ɗaya a ciki, sunan kawai

Tanti Farmasi: Ba laifi nake ɗora miki ba ƙanwata, ke ma hannunki ke cikinshi kullum ai kin fi amaryar haɗari. Ganyen lalle na gaskiya ba ya baƙi, ja ne ko ruwan goro mai duhu, yana son awoyi a jiki kuma sai bayan kwana biyu yake gama nuna. Duk wanda ya yi baƙi cikin rabin awa to da rini a ciki. A Turai an yarda da PPD a rinin gashi kawai, shi ma kar ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa, a fata kuwa haramun ne. Matsalarshi ba ya nunawa ranar, sai an yi kwanaki wani lokaci har sati biyu sai zanen ya tashi ya yi bororo daidai yadda aka zana furen, ruwa na fita, in ya warke ya bar tabo fari ko baƙi. Kuma in jiki ya riga ya ƙi shi to ya ƙi shi ke nan har abada, wata rana ta rina furfura sai fuska ta kumbura ido ya rufe a kwashe ta sai irjans

Maman Ikram: Subhanallah. Ni fa har Ikram ina sa a yi mata da salla

Tanti Farmasi: A bari Maman Ikram, yara ja kawai. Jarirai kuma ko jan a ƙyale su, akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake ce wa G6PD, yana da yawa a yankinmu, lalle na iya farfasa musu jini su yi shawara mai tsanani kuma uwa ba ta san ɗanta na da shi ba sai abu ya faru

Inna Tawa: Mu can da lallen gida muka sani, a daka a tankaɗe a kwaɓa da lemun tsami a ƙunsa ƙahwa da dare, da sahe a kwance. Wadda ka son duhu ta maimaita dare biyu ko ukku. Yanzu kowa sauri shika yi. Auta ɗiyata ki ci gaba da zancen zomonki, yanzu can Turai sun bari ko suna nan suna yi?

Auta Lyon: Sun bari Inna amma da saura. Tarayyar Turai ta hana gwada kayan da aka gama haɗawa a 2004, ta hana gwada sinadaran da ke ciki a 2009, sai ranar 11 ga Maris 2013 ta hana sayar da duk kayan kwalliyar da aka gwada kan dabba ko a wace ƙasa aka yi gwajin. Indiya ta bi a 2014, Kanada 2023. Shi ya sa in kin ɗauki kirim na Faransa a farmasi ba lalle ki ga an rubuta non testé sur les animaux ba, hukumar kula da masu saye ta nan tana ɗaukar rubuta shi yaudara ce tunda doka ta riga ta wajabta wa kowa, ba abin tinƙaho ba ne. Wato wani lokaci kwalbar da ba zomo ta fi mai zomon tsabta ta wannan fannin.
Sauran da na ce guda biyu ne. Sin ta daɗe tana tilasta a gwada duk kayan kwalliyar da za a shigar mata kan dabbobi, sai 1 ga Mayu 2021 ta sassauta wa kaya na yau da kullum irin shamfu da jan baki bisa sharuɗɗa, amma rinin gashi da man rana da man hasken fata ba su shiga sassaucin ba, to kamfanin da ke tsabta a Paris yana iya biyan kuɗin gwaji a can don ya samu kasuwa. Na biyu dokar sinadarai ta Turai da ake kira REACH, ita tana iya neman a gwada sinadari kan dabba don kare ma'aikatan masana'anta, har wani kamfanin Jamus Symrise ya kai ƙara kan sinadarai biyu na man rana da aka ce sai ya gwada, kotun Turai ta ƙi ba shi gaskiya a Nuwamba 2023

Maman Biyu: To in sun bar zomo da mi suke aunawa, ko haka suke sako mana kawai

Auta Lyon: Wannan ne ma ya fi burge ni Yaya. Nan Lyon a kartiye Gerland akwai Episkin na kamfanin L'Oréal, fatar mutum suke rainawa a labo, suna karɓar ragowar fatar da aka yanke wurin tiyata da izinin masu ita su raini ƙwayoyin a ƴan ƙananan kofuna har su zama fata mai hawa-hawa, a kanta ake ɗiga sinadari a ga ko ya kashe ƙwayoyin. Na ido kuma akwai wanda ake yi da idon shanu da na kaji da aka kwaso daga mayanka, dabbar an riga an yanka ta don nama, ba a ƙara wahalar da kowa ba. Sai lissafin kwamfuta da ke kwatanta sabon sinadari da waɗanda aka riga aka sani, ƙarshe a gwada a bayan mutanen da suka yarda da kansu. Dama fatar zomo ba irin tamu ba ce, abin da ya ƙone shi ba dole ya ƙone mu ba, haka ma akasi

Hajiya Mai Butik: To Auta a cikin zomayen wanne ne na gaske, in san wanda zan nuna wa kiliyan

Auta Lyon: Wanda ya fi ƙarfi shi ne Leaping Bunny Hajiya, zomo ne yana tsalle da ƴan taurari biyu, su suna bin kamfani har masu kawo mishi sinadarai kuma ana zuwa bincike. Na PETA, ƙungiyar kare dabbobi, shi ma sananne ne amma ya fi dogara kan takardar da kamfanin ya sa wa hannu. Dukansu suna da jerin sunaye a shafinsu na intanet, ki buga sunan kamfanin in bai fito ba to zanen ado ne kawai

Tanti Farmasi: Ni kuma ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Duk miks ɗin nan da ake haɗawa a ɗaki a zuba a roba mai kyau a liƙa organik, wallahi da gaskiyarsu in sun ce ba a gwada kan dabba ba, don ba a gwada shi kan komi ba, ba zomo ba labo ba kowa. Ke da kika saya ke ce zomon. Muna da LANSPEX nan Yamai da ke awon magani da abinci da ruwa, amma kayan da aka dama a bayan gida ko aka shigo da su cikin buhu ta hanyar daji ina za su bi ta can. Don haka kafin zomo ki juya kwalba ki nemi abu huɗu: jerin sinadarai, sunan kamfani da adireshi na gaske, lambar lot, da ranar lalacewa. In babu jerin sinadarai ajiye ko da ƙanwarki ce ke sayarwa

Maman Biyu: Tanti mu da ba mu yi kimiyya ba ko mun ga jerin mi za mu gane, rubutu ƙanana kamar ba a so a karanta

Tanti Farmasi: Ba sai kin gane duka ba Maman Biyu, ki dai san ana jera su ne daga mai yawa zuwa maras yawa, in an ce man kaɗe ne amma kika ga butyrospermum parkii, sunan man kaɗe a etiket, can ƙasa bayan parfum to ɗan ɗigo aka sa. Sannan ki riƙe sunaye uku na gudu. Hydroquinone, Turai ta cire shi daga man shafawa tun 2001, in an daɗe ana shafa shi sai ya juya ya bar baƙin tabo mai kauri a kumatu da goshi da bayan wuya wanda ba ya fita, ga ranarmu kuma tana ƙara mishi. Sai duk abin da kika ga clobetasol ko betamethasone, waɗannan ƴan tub ɗin da ake matsewa cikin mai, magani ne fa na ordonans da likitan fata ke ba mutum na ɗan lokaci, mata suka maida shi man kullum. Shi ke sa fata ta yi siriri jijiyoyi su fito, nankarwa manya-manya a cinya da hammata, ƙuraje, makero da ba ya jin magani, kuma yana ratsa jini ya jawo tansiyon da ciwon suga, in an zo sezariyen ɗinki ya ƙi kamawa, ku tambayi kowace sajfam. Na uku merkir, a kwali mercure ko calomel, sau da yawa ma ba a rubuta shi sam. Shi ƙoda yake ci da jijiya, yana bin mahaifa da nono ya kai ga jariri, har tawul da zanen gado yana bi ya taɓa miji da yara. Yarjejeniyar duniya kan merkir, ta Minamata ta 2013, ta fara sa iyaka, daga 2025 kuma an hana shi kwata-kwata a kayan kwalliya

Hajiya Mai Butik: Gaskiya ɗaya ce, dekapaj, man hasken fata, shi ke riƙe da rabin butik ɗin garin nan. Ni na daina ɗauko tub amma kullum sai an tambaye ni, in na ce babu a ce Hajiya ta tsufa. Kodibuwa ta hana tun 2015, Gana ta hana idrokinon 2016, amma je ki kasuwanninsu ki gani. Kuma mazan su ma a faɗa musu, su ne ke cewa fara ko mayya ce

Auta Lyon: Alƙaluman da OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta fitar a 2011 sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya ke shafa man hasken fata, 59 a Togo, 27 a Senegal, 25 a Mali. Duk ƙasashen yankinmu ne kuma daga kasuwanninsu muke sari

Amarya 2 be: Tanti don Allah wata ce ta ce in tambaya, in mutum ya jima yana shafa mai tub ɗin ya yanke rana ɗaya?

Tanti Farmasi: Ki gaya wa watan kar ta yanke rana ɗaya 🙂 fata za ta yi bore ta yi ja da zafi da ƙuraje, in ta jima ƙwarai ma jiki gaba ɗaya na iya rikicewa don ya saba samun kortikoyid, maganin da ke cikin tub ɗin, daga waje. Ta je wurin likitan fata, akwai servis ɗin dermato a Lopital Nasiyonal, ta tahi da kwalaben duka kar ta ɓoye ko ɗaya, su za su tsara mata yadda za ta rage sannu-sannu. Kuma ta shirya ma baƙi zai dawo ya ma fi na da na wasu watanni kafin ya daidaita, nan ne yawanci suke karaya su koma

Inna Tawa: To kwalli hwa? shi ma kun ce mishi wani abu? mu dut ɗiyanmu ranar da anka haihe su muka sa musu, ido shi yi haske shi yi girma

Tanti Farmasi: Inna ki yi haƙuri da ni, shi ma. Dutsen kwallin nan mai ƙyalli da ake niƙawa mafi yawanshi dalma ce. A 2011 a Boston an auna jinin wani jariri ɗan wata 6, iyayenshi ƴan Najeriya, aka samu dalma, da aka bi diddigi kwallin da ake sa mishi ne da aka kawo daga gida, da aka auna shi sama da kashi 80 cikin 100 dalma ne. Ba ta ido take shiga sosai ba, yaro ne ke murza ido ya kai hannu baki. Kuma dalma ba ta da ɗan kaɗan ga yaro, ƙwaƙwalwa take taɓawa a hankali ba zazzaɓi ba kuka, sai an sa shi lakwal a ce ba ya ganewa. Kun tuna Zamfara 2010 da yara sama da 400 suka rasu, can ta ƙasar zinariya ta zo da yawa lokaci guda, amma gubar ɗaya ce

Malama: Sa tozali sunna ce ba shakka, ismid aka ambata. Amma ba duk baƙin dutsen da ke tire a Katako ne ismid ba, mai sayarwa kanshi bai sani ba, kuma addini bai ce ki cutar da ɗanki ba. Ni na bar sa wa jarirai, manya kuma kowa ta nemi wanda ta san asalinshi

Inna Tawa: Hmm. Ni dai goma na haihwa dut da kwalli kuma ga su nan da digiri. Amma na ji, jikoki sai abin da uwayensu sunka ce

Maman Biyu: Inna 😂😂 to yanzu dai an hana wannan an hana wancan, a faɗa mana abin da za mu shafa kar mu yi furu-furu da hunturu

Mai Lalle Bukoki: Man kaɗe ɗanye Yaya, na wajen Gaya, wanda ke da warin nan nashi kuma yana narkewa da kin murza a tafi. In fari fat ne ba wari ko an tace shi ko an haɗa da wani abu. Ni narkar da shi nake a kan ruwan zafi in zuba man ridi kaɗan in buga ya yi laushi, shi nake shafa wa amare bayan dilka

Hajiya Mai Butik: Da basilin fari maras turare, arha kuma ba ya ƙarya, ƙafa da leɓe da hunturu ba kamarshi. Gliserin kuma a sirka da ruwa kar a shafa zalla. Wani abu da ba a kula da shi, zafin Afrilu da Mayu da muke kai 45, kirim ɗin da ya wuni a tire cikin rana a bakin Babbar Kasuwa ko na ainihi ne ya riga ya dahu, in kin buɗe kika ga ruwa a sama mai a ƙasa ko wari ya canza a zubar. Akwai ɗan hoton gwangwani buɗe da aka rubuta 6M ko 12M, watannin da zai yi ne bayan an buɗe, a ƙasar sanyi ke nan balle nan

Tanti Farmasi: Duk na yarda, amma na gida ma ba a sake mishi jiki ba. Sabulun salo wani yana da kaifin toka ƙwarai yana ɗaye fuska, lemun tsami a fuska a fita rana yana ƙona ta, kuma masu miks sun koyi zuba tub cikin man kaɗe su ce na gargajiya ne, duk man kaɗen da ya haska ki cikin sati ba man kaɗe ba ne. Maman Ikram ga yarinya mai irin fatar nan turare ne babban abin zargi, nemi wanda aka rubuta sans parfum, sabuni mai laushi, wanka ba da ruwa mai zafi sosai ba, a shafa mai jiki na da danshi. Kowane sabon abu a ɗan shafa a lanƙwasar hannu a bari kwana biyu a gani. In susar na hana ta barci a kai ta a duba, ƙila egzema ce

Maman Ikram: Na gode Tanti Allah ya saka. Hodar jarirai fa? kakarta kullum sai ta bulbule ta da ita

Auta Lyon: Johnson & Johnson sun daina sayar da hoda mai talk, farin garin dutse, a duniya duka a 2023 sun koma ta garin masara, su dai sun ce tasu lafiya lau take, ƙararraki ne suka yi yawa. A Yuli 2024 kuma cibiyar binciken kansa ta OMS da ke nan Lyon ta sa talk a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa. Ko ba wannan ba ƙurar ba ta da kyau ga huhun jariri, kar a kaɗa ta kusa da hancinshi. Defrizan ma a rage, wani bincike na cibiyar lafiya ta Amurka a 2022 kan mata sama da 33,000 ya ga masu yawan miƙar da gashi, fiye da sau 4 a shekara, sun ninka sauran samun kansar mahaifa. Bai ce shi ne sanadi kai tsaye ba amma ni dai na koma kitso

Malama: Auta jan bakin da aka ce da ƙwari ake yi gaskiya ne?

Auta Lyon: Gaskiya ne Malama, wani ɗan ƙwaro ne da ke zama jikin kaktus a Peru da Meziko, ana busar da shi a fitar da jan, a etiket carmine ko CI 75470. Zomo mai tsalle bai hana shi ba don shi gwaji kawai yake dubawa, sai wanda aka rubuta vegan ne ba kayan dabba a ciki. Hukuncinshi kuma ku ne masu faɗa mana

Malama: Malamai sun saɓa a kan ƙwari, bari in duba in yi muku vokal bayan isha'i, ba na son in faɗa da ka

Amarya 2 be: Ni dai ku yafe ni amma jan lalle ba ya fita a hoto a hannuna 😭 sau ɗaya ne fa a rayuwa

Mai Lalle Bukoki: Sau ɗaya ne kuma tabon ma sau ɗaya yake zama. Zo ki same ni sati biyu kafin biki in yi miki ɗan fure da ja a ƙafa ki ga yadda yake nuna in an sa sukari da lemu an ƙunshe shi ya kwana, in an maimaita yana kai wa ruwan kofi. In bai miki ba akwai wanda ake liƙawa a cire bayan hoto. Dayis dai ban da shi yanzu, hannuna ni ma ya fara tsagewa

Hajiya Mai Butik: Ƙanena zai sauka Gaya ranar Juma'a, mai son man kaɗe ta rubuta sunanta da kilo nawa kafin Laraba da dare, kuɗin mota a raba. A kawo roba mai murfi, ba na zubawa a leda

Inna Tawa: A sa min kilo biyu, a ba direban Tawa, ni ka biyan nawa kuɗin mota